Inda Hannah Ba Ta Takawa

Ruwan farko da ke fitowa daga famfon bayan kicin yana zuwa da ɗumin bututu, don haka Hannah takan bar shi ya zuba a bayan hannunta har ya yi sanyi, sannan ta tara ƙoƙon. Ɗan ƙaramin ƙoƙo ne na duma, bakinsa ya tsage an ɗinke, tana ɓoye shi a sito bayan kwalayen sabulu. Ta ɗora shi a tafin hannu, ta ɗaga hannun daidai kafaɗa, ta bi gefen katanga zuwa lambun otal ɗin. Saura taku goma ta kai gindin ɗorawa sai ta karkata hagu, ta yi ɗan zagaye, ta durƙusa kamar mai gyara takalmi. Ta zuba ruwan a hankali a kan ciyawa. Ta faɗi kalmomi uku ko huɗu da yaren Gbagyi, ƙasa-ƙasa, yadda ake gaida mai barci ba don a tashe shi ba.

Shekara shida tana haka, kowace safiya ban da Lahadi.

Nababa mai kula da lambu, wani dattijo Bakatsine da ke jan ƙafa ɗaya, ya ɗago daga cikin furanni da tiyo a hannunsa.

"Bagwariya, yau ma kin zo ƙwace mini aiki?"

"Aiki ya yi maka yawa, Baba. Ina taimakonka ne."

"Da ƙoƙo ɗaya? Allah ya saka. Gobe ki zo da cokali, mu gama da wuri."

Ta yi murmushi. Kafin ta koma ciki, ta ja kujerun shan shayi guda biyu da baƙin jiya suka bari a kan wannan ciyawar, ta mai da su kusa da gindin bishiya. Wannan ma kullum ne. Nababa bai taɓa tambaya ba.

Gidan Ɗorawa ake kiran otal ɗin. Yana kan wani layi shiru a unguwar manya ta Abuja, inda katangu suka fi mutane yawa. Bene ne mai hawa ɗaya, ɗakuna goma sha biyu, kuma babu ɗakin da ke da lamba. Sunan itace aka ba kowanne: Marke, Kanya, Rimi, Kaɗanya. Mai wurin, Hajiya Nazeefa, tsohuwar darakta ce a wata hukumar tarayya, ta ajiye aiki ta gina shi. Takan ce manyan otal-otal suna sayar da gado, ita kuwa natsuwa take sayarwa. Kuma ana saye. Shekarun ne da sojoji suka koma bariki, kuɗin mai yana shigowa kamar ruwan Agusta. Duk inda ka ɗaga kai, injinan ɗaga kaya ne tsaye a sararin sama kamar zalɓe a bakin rafi. A gefen gari kuma, jan fenti ne a jikin katangun talakawa, alamar katafila na tafe.

Baƙin Gidan Ɗorawa mutane ne masu waya biyu-biyu. Daraktocin ma'aikatu da ba sa son a ga wanda suke ganawa da shi. 'Yan kwangila da ke kwana bakwai suna jiran sa hannu ɗaya. Turawan ƙungiyoyin agaji. Ango da amarya daga Kano ko Ikko. Kusan dukkansu, da la'asar, sukan sauko lambu su sha shayi a ƙarƙashin ɗorawa, suna cewa wurin nan akwai wani irin sanyi da ba na na'ura ba.

Hannah ce ke gyara ɗakunan sama. Ba ta cika ganin fuskar baƙo ba, ɗakinsa take gani, kuma ɗaki ba ya ɓoye mata komai. Ta san wanda ya yi juyi har zanin gado ya tattare wuri ɗaya. Ta san matar da ta yi kuka a kan matashi ta kife shi. Ta san mai ciwon sukari da ke ɓoye kwalin alewa a ƙarƙashin jarida. Ba ta faɗa wa kowa. Takan naɗe zannuwa da tawul ta ɗora a kafaɗa, ba a ka ba, kamar yadda matan gidansu suke ɗaukar kaya tun kaka da kakanni. Wani Bature ya taɓa ɗaukar ta hoto a haka, a kan matakala. Hajiya ta sa aka wanke hoton aka rataye a falon karɓar baƙi.

Abin da Hajiya ba ta sani ba, Hannah ta riga kowa zama a wannan fili.

A nan aka haife ta, lokacin da wurin yake ƙauye mai gidaje ashirin da 'yan kai, da rumbuna da gonakin doya. Wannan ɗorawar ta ubanta ce, Yamusa. Tana da shekara goma sha biyu uwarta ta rasu a tsakiyar damina. Yamusa da ƙannensa suka yi ta sara ƙasa a bayan gida, ko'ina sai fartanya ta ci karo da dutse, domin wurin nan fako ne a kan fa, ƙasar ba ta wuce kamu biyu ba. A wuri ɗaya kawai, taku goma daga ɗorawa, suka samu ƙasa mai zurfi da laushi. Nan suka kwantar da ita. Yamusa ya ba Hannah ƙoƙo, ya ce kowace safiya ta kai wa uwarta ruwa, don matar ta mutu tana neman ruwa.

Shekaru kaɗan bayan haka ma'aikata suka zo da babban littafi, suka ce za a gina birni. Suna rubuta ɗakuna da rumbuna da itatuwa. Suka tambaya ko akwai kabari a gidan. Yamusa ya ce babu. A gidansa ba a nuna kabari da yatsa, ba a kai baƙo kansa, ba a kuma sa shi a takarda. Yakan ce wanda ka nuna wa baƙo, ka sallama shi ke nan. Suka kwashe kayansu a bayan tifa zuwa wajen dangi a Paikon Kore, suka bar ta a inda take.

Can Hannah ta yi aure, ta haifi 'yarta Joy, ta binne miji, ta binne uba. Daga baya ta bi 'yar zuwa Mararaba, ta shiga cikin matan da ke ɗauko ruwa da yashi a wuraren gini. Wata rana tifa ta sauke su a wani fili da aka kewaye da kwano. Ba ta gane hanya ba, ba ta gane tudu ba, an baje komai. Amma ta ga ɗorawa mai reshe biyu, ɗaya ya miƙe sama ɗaya ya kwanta yamma, da tabon gatari a gindinta wanda ita ce ta yi shi tana yarinya, aka kuma dake ta a kai. Ta ajiye kwanon yashi. Ta ƙirga taku goma da ido. Ba a taɓa wurin ba, mai zanen gidan ya bar shi lambu.

Ta yi wata tara tana ɗaukar kankare a ginin. Da aka gama, ta tsaya a bakin ƙofa kullum har aka ɗauke ta shara. Takan tashi kafin gari ya waye don ta riga cunkoson Nyanya. Ranar Lahadi tana coci, tana waƙa cikin zumuntar mata, kuma ko fasto bai san da zancen ƙoƙo ba. Albashin bai taka kara ya karya ba. Ba don shi take zuwa ba. Katin aikin nan shi ne kaɗai mabuɗin da ke buɗe mata ƙofar da uwarta take ciki.

A kowane ɗaki akwai ɗan farin kati a gefen gado, inda baƙo zai rubuta abin da ya ji daɗi da abin da bai ji ba. Hannah ba ta karanta Turanci, amma tana girmama katunan nan. Ko ta tsinci ɗaya a kwandon shara sai ta goge shi ta miƙe shi, ta kai wa George, manajan otal ɗin. Ran Litinin George yakan tara ma'aikata ya karanta musu. Yawanci yabo ne: gado mai laushi, masa da miyar taushe da safe, ma'aikata masu ladabi. Sai dai tun bara akwai wani layi da ke yawan dawowa a ƙarshen kati. George yakan karanta shi da sauri ya wuce, Hannah kuma ba ta taɓa tambayar ma'anarsa ba.

A wannan bazarar, ana zafi mai nauyi, hadari yana haɗuwa a bayan Dutsen Aso kowace yamma ya watse bai zubar ba, wani baƙo ya sauka a ɗakin Marke, wanda tagarsa ke kallon lambu. George ya ce sunansa Injiniya Abdulmajeed, daga Kaduna, baƙon Hajiya ne, a kula da shi sosai.

Ran Litinin da ta shiga gyara, ɗakin ya ba ta tsoro, ba ta kuma san dalili ba da farko. Mutum ne mai tsabta. Ya ninke tawul da kansa, ya naɗe sallaya ya ɗora a kan kujera. Amma takalmansa na aiki suna ɗauke da jar ƙasa, alhali mai gadi ya ce tun da ya zo bai fita ba. A bayan ƙofa akwai sandar ƙarfe mai tsini, tsawon mutum. A ƙarƙashin tebur akwai gwangwanin jan fenti da damin turaku na katako. A kan gado kuma dogayen takardu ne a nannaɗe, an ɗaure su da roba. Ta yi shekaru a wuraren gini. Ta san kayan da ke zuwa kafin katafila.

Ran Talata da hantsi tana kan barandar sama da zannuwa a kafaɗa, ta gan shi a lambu da sandar. Yakan kafa ta, ya danna da nauyinsa. Ƙwal, dutse. Ya yi taku uku ya sake. Ƙwal. Ya bi gefen katanga, ya bi bayan kicin, ya dawo ta gindin bishiya, ko'ina sandar ba ta shiga fiye da kamu biyu. Sai ya zo inda ciyawa ta fi duhu. Ya kafa, ya danna. Sandar ta tafi shiru, ta yi ta tafiya har hannunsa ya kusa taɓa ƙasa. Hannah ta ji abin a haƙarƙarinta. Injiniya ya zaro sandar, ya shafa ƙasar da ke jikinta tsakanin yatsu, ya gyaɗa kai kamar wanda ya sami abin da ya zo nema.

Da ta sauko za ta wuce wajen wanki, ya kira ta.

"Mama, sannu da aiki. Don Allah ki ɗan riƙe mini bakin awon nan."

Ta ajiye kayan ta karɓi bakin tef ɗin. Ya ja ɗaya gefen, yana tafiya da baya, yana taka wurin da ƙafafunsa biyu.

"Matso gaba kaɗan, Mama. Taku biyu."

Ba ta matsa ba. Ta miƙa hannunta iyakar tsawonsa, har ta kusa faɗuwa.

"Taku biyu kawai."

"Ƙafana yana ciwo, oga."

Ya dube ta, ya dubi ƙafar, ya dubi ciyawar da ke tsakaninsu. Ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa, ya yi mata godiya. Kafin azahar an kafa turaku takwas masu jan kai, an ja zare a tsakaninsu. Uwarta tana tsakiya.

Ta sami Nababa a bayan sito yana cin gyaɗa.

"Baba, wannan mutum me zai gina?"

"Ba gini zai yi ba, rami zai haƙa. Kududdufin masu kuɗi. Wurin ninƙaya." Ya tofar da ɓawo. "Ke da kike kwaso katunan ba ki sani ba? Shekara guda ke nan suna rubutawa: komai ya yi, sai dai babu wurin wanka. Wai mutum ya bar banɗaki mai ruwan zafi da na sanyi ya zo tsakar gida ya tuɓe. Allah ya kyauta."

"Yaushe?"

"Asabar, in baƙi sun ragu. Ya ce duk filin nan dutse ne, nan ne kawai katafila za ta ci ƙasa ba wahala. Ke, ya na ga kin yi wani iri? Ko aikin cokalinki kike jin za a rasa?"

Ta ce rana ce. Ta ɗauki kayanta ta tafi.

Akwai abin da duk ma'aikatan gidan suka sani. Shekara uku da suka wuce wani tsoho ya rasu a wani ɗakin ƙasa da ake kira Gawo a lokacin, cikin barcinsa, mutuwar Allah da Annabi. Aka fitar da shi ta ƙofar baya. Rekiya, mai gyaran ɗakunan ƙasa, ita ta fara ganinsa, kuma ta ba direban wani baƙo labari. Kafin sati ya zagayo, mutum huɗu sun fasa zuwa. Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka sake wa ɗakin fenti da suna, ta kira Rekiya ofis, ta karɓi makullai. Tun daga ranar mai gadi yake da umarnin kada ya bar ta ta wuce ƙofa, ko gaisuwa ta zo.

Wannan mutuwar kwana ɗaya ce. Uwar Hannah kuwa ta shekara talatin da wani abu tana kwance a ƙarƙashin shayin baƙi.

Ran Laraba ta kai ruwa kamar kullum, sai da ta sunkuya ta ƙarƙashin zare. Ba ta iya faɗin kalmomin ba. A mota, a cunkoson Nyanya, ta yi ta juya abin. In ta yi shiru, ran Asabar haƙoran ƙarfe za su ɗebo uwarta su zuba a tifa, a kai ta a cike wani rami da ita a hanyar Kubwa. In ta yi magana, ta karya maganar Yamusa, kuma ƙofa za ta rufe a bayanta kamar yadda ta rufe a bayan Rekiya. Ta isa gida, Joy ta tambaye ta ko lafiya, ta ce gajiya ce.

Ran Alhamis da safe ta tarar da doguwar mota a bakin layi, katafila a bayanta an ɗaure da sarƙa, bokitinta a naɗe kamar hannun mai barci. Direban yana wanke fuska da ruwan leda.

Ta ƙwanƙwasa ɗakin Marke da ƙarfe goma, tana zaton ya sauka. Yana ciki, tsaye a bakin taga da kofin shayi.

"Shigo, Mama. Yi aikinki, ba zan tare miki hanya ba."

Ta fara cire zanin gado. Ya daɗe bai juyo ba.

"Kwana huɗu ke nan ina kallon lambun nan daga sama," ya ce. "Daga sama ana ganin abin da ba a gani a ƙasa. Masu kai shayi suna yankewa ta tsakiya. Nababa ma haka, da ƙafarsa. Akwai mutum ɗaya da ke zagayewa. Har ciyawa ta kwanta, ta yi hanya kamar lauje. Zo ki gani."

Ba ta je ba. Tana riƙe da matashi a ƙirjinta.

"Na yi shekara ashirin ina haƙa ƙasa a garin nan," ya ce a hankali. "Na sha tono tukwane. Na tono abin da ya fi tukwane. Kuma ƙasar da sandata ta fito da ita shekaranjiya, an taɓa juya ta. Wane ne, Mama?"

Na'urar sanyaya ɗaki tana ta gunji. A waje wani tsuntsu yana kuka a kan ɗorawa.

"Ban nuna maka ba," ta ce.

"Ba ki nuna mini ba."

"Ban kai ka wurin ba. Kai ka gani da kanka."

"Ni na gani da kaina. Zan shaida haka ko a gaban wa."

Ta ajiye matashin. "Mamana ne. Yana nan tun kafin a yi garin."

Injiniya ya ajiye kofi, ya yi salati ƙasa-ƙasa. Ya dubi takalmansa da ke bakin ƙofa, da jar ƙasar da ke jikinsu. Sannan ya warware ɗaya daga cikin dogayen takardun a kan gado, ya danne gefe da waya. Ya ɗauki fensir ya yi ɗan ƙaramin zobe a tsakiyar zanen. Hannah ta kau da kai.

"Ana iya matsar da ramin ya koma wajen katanga," ya ce. "Amma can dutse ne, sai an fasa, aikin zai daɗe. Ba zan iya canja zane ba sai mai wuri ta san dalili. Kuma gobe bayan Juma'a zan koma Kaduna, akwai aikin da ke jirana. Ba zan yi miki ƙarya ba, ban san yadda za ta ɗauka ba."

"Ni na sani."

"To ke za ki zaɓa. In kin ce in yi shiru, zan goge wannan, in yi shiru, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ta shimfiɗa sabon zani. Ta ja kusurwa ta farko ta soke, ta ja ta biyu. Sai da ta gama duka huɗun, ta shafe gadon da tafin hannu har babu inda ya tattare.

"Faɗa mata," ta ce.

Bayan la'asar George ya zo ya same ta a wajen guga. Bai dube ta ba. "Mama Joy, Madam tana kira."

Ofishin Hajiya Nazeefa yana da sanyi da ƙamshin turaren wuta. Tana zaune a bayan tebur, tabarau a rataye a wuyanta da siririyar sarƙa, zanen yana shimfiɗe a gabanta. Injiniya yana kan kujera a gefe. George ya tsaya a jikin ƙofa. Ta tagar da ke bayan Hajiya ana ganin lambu, da turaku takwas, da baƙi biyu suna shan shayi a gindin bishiya. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ba ta motsi.

Hannah ta durƙusa ta gaishe ta.

"Tashi, Hannah. Gaskiya ne abin da na ji?"

"Gaskiya ne, Hajiya."

"Shekara shida kina cikin gidana. Hotonki yana rataye a falona. Kina kallo ina ba mutane shayi a kan kabari."

"Ba a kansa ba, Hajiya. Kullum ina jan kujera gefe."

Hajiya ta dube ta. Ba fushi ne a fuskarta ba, wani abu ne mai kama da gajiya.

"Wa ya sani?"

"Babu kowa. Ko 'yata."

"Nababa fa?"

"Yana tsammani ina wasa da ruwa ne."

"Me ya sa ba a rubuta shi ba tun farko? Na ga takardun filin nan ɗaya bayan ɗaya kafin in saya."

"Babana bai yarda ba. A gidanmu ba a nunawa."

"To ga shi an nuna." Hajiya ta sa tabarau, ta sunkuya kan zanen, ta sami ɗan zoben fensir. "Ki saurare ni. Ni ma na binne uwa. Ba ni da niyyar tone kabarin kowa, ina tsoron Allah. Amma ba ni da kabari a gidan nan. Ranar da maganar nan ta fita ƙofa, babu amaryar da za ta sake kwana a Rimi, babu Baturen da zai sake zama a ƙarƙashin bishiyar can. Mutum ashirin da uku ke ci a nan. Kin gane?"

"Na gane."

"Injiniya, goge wannan. Ba na son shi a takarda."

Injiniya ya gyara zama. "Hajiya, mai katafila da takarda yake aiki, da kuma turaku. In babu alama…"

"Turaku naka ne, kana iya matsar da su."

"In na matsar, sai an fasa dutse. Wata biyu ana ƙara a kunnen baƙi, ko fiye."

"Wata biyu." Ta cire tabarau ta murza idanunta. "Akwai bikin da aka kama ɗakuna duka saboda shi a watan gobe. Na riga na ce musu za su tarar da ruwa. Za mu yi magana, ni da kai. Yanzu dai goge."

Ya ɗauki abin gogewa. Bai yi sauri ba, amma ya goge. Ɗan zoben ya dushe, ya ɓace, ya bar burbushi a kan farar takarda. Hannah ta tsaya tana kallo. Abin da ubanta ya so ke nan, kada a sa ta a takarda. Ba ta taɓa zaton ganin an cika masa burinsa zai yi mata ciwo haka ba.

"Hajiya," ta ce, "ranar Asabar wa zai tsaya a wurin?"

"Ba ke ba, Hannah."

George ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Ba don kin yi sata ba, ba don aikinki bai yi ba. Ba a taɓa kawo ƙararki ba ko sau ɗaya. Amma ba zan iya ganinki kowace safiya kina zagaye wurin nan ba, baƙi ma suna da ido. George zai sallame ki da kyau, zai ba ki takardar shaida mai kyau. Duk otal ɗin da kika je za su ɗauke ki."

"Ba otal nake nema ba."

"Na sani," in ji Hajiya, kuma muryarta ta yi ƙasa. "Shi ya sa."

Daga bakin layi aka ji an tayar da injin. Ya yi tari sau biyu, ya kama, gilashin taga ya ɗauki rawa kaɗan-kaɗan. Ana sauke katafila daga bayan mota. A lambu baƙin nan biyu suka ɗago kai, suka koma kan shayinsu. Nababa yana tsaye a bakin zare da tiyo a hannu, ya saki ruwa a kan ciyawar da ta fi duhu, bai kuma matsa gaba ba, ko da yake sama tana shirin zubarwa.

Hannah ta kwance igiyar makullai daga ƙugunta. Shida ne, kowanne da sunan itace a jikinsa. Ta ɗora su a gefen tebur, nesa da takardar. Ta dubi Injiniya. Ya buɗe baki kamar zai yi alkawari, sai ya dubi Hajiya, ya rufe.

"Akwai ƙoƙona a sito," ta ce, "bayan sabulu. Kada a zubar. A ba Baba Nababa."

George ya buɗe mata ƙofa, ƙarar injin ta shigo ɗakin gaba ɗaya. Ta gyara ɗankwalinta. Kafaɗarta ta dama ta ɗan karkata kamar kullum, kamar tana ɗauke da kaya, ta bi ta gefen George ta fita.